Sir Adetokunbo Ademola: Alƙalin da aka soke hukuncinsa sau biyu

An haifi Sir Adetokunbo Ademola a Abeokuta a 1906, ɗa ne ga Alake na Egba. Ya karanta shari'a a Ingila, ya yi aikin majistare, sannan a 1958 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya.

A 1962 Gwamnan Jihar Yamma ya tsige Firimiya Akintola bisa takardar da mafi yawan 'yan majalisa suka sa wa hannu. Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Ademola ta ce tsigewar ba ta halatta ba sai da ƙuri'a a zauren majalisa. Adegbenro, wanda aka naɗa a gurbin Akintola, ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Majalisar Sarauniya a Landan, wadda ta rushe hukuncin a 1963. Wannan nasara ba ta amfane shi da komai ba, domin an gyara tsarin mulkin jihar don ceton Akintola, kuma a shekarar Najeriya ta daina kai ƙara Ingila.

Na biyun ya fi ɗaci. A shari'ar Lakanmi ta 1970, kotunsa ta haramta ƙwace kadarori da gwamnatin soja ta yi ta hanyar doka ba tare da shari'a ba. Cikin makonni gwamnatin Gowon ta kafa doka mai lamba 28, ta shafe hukuncin baki ɗaya.

Ya yi ritaya a 1972, ya rasu a 1993.