Alexander Posey, Mawaƙin Da Ya Yi Wa Mutanensa Rajista

 Da aka nemi in rubuta tarihin wani shahararren mutum, na san 'yan ajinmu za su zaci zan ɗauko wani sarki ko ɗan siyasa. To, wanda na ɗauko ma'aikacin gwamnati ne irinmu, mai biro da fayil, sai dai a wata ƙasa mai nisa ya yi zamaninsa, kuma ya rasu fiye da shekara 100 da suka wuce. Sunansa Alexander Posey, ɗan ƙabilar Creek, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar Amurka, waɗanda muka taso muna kira Indiyawan daji saboda finafinan kaboyi.

Ga yadda na san shi. Ma'aikatarmu ta tura ni wani ɗan gajeren kwas a Amurka a kan adana bayanai. A ajinmu akwai wata baiwar Allah wadda kullum aka tashi sai ta zauna tana duba hotunan wasu tsofaffin katuna. Da na tambaye ta, sai ta bayyana mini cewa asalinta take nema, domin a gidansu an ce kakar kakarta Creek ce ta wajen uwa, Choctaw ce ta wajen uba. Katunan nan na wata rajista ce da gwamnatin Amurka ta yi wa ƙabilun. A bakinta na fara jin sunan Posey, domin yana cikin waɗanda suka bi ƙauyuka suna rubuta sunayen. Tun daga nan na shiga karanta tarihinsa.

Kafin a fahimci mutumin sai an san ƙasar da aka haife shi. Asalin mazaunin Creek, waɗanda ke kiran kansu Muscogee, shi ne inda jihohin Jojiya da Alabama suke a yau, su kuma Choctaw a Misisipi. A shekarar 1830 majalisar Amurka ta yi dokar tayar da su. Choctaw ne suka fara tashi bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da su a wannan shekarar, Creek kuma aka kora mafi yawansu a 1836 da 1837, mutane da yawa suka mutu a hanya. An zaunar da su a yamma, a yankin da aka kira Ƙasar Indiyawa, tare da Cherokee da Chickasaw da Seminole. Kowace ƙabila ta kafa gwamnatinta, da majalisa da kotuna da makarantu. Ƙasa kuwa ta jama'a ce baki ɗaya: mutum yana iya noma iyakar ƙarfinsa, amma ba shi da ikon sayarwa.

A nan aka haifi Posey ranar 3 ga Agusta 1873, kusa da garin Eufaula, kuma shi ne babba cikin 'ya'ya 12. Mahaifiyarsa Nancy cikakkiyar 'yar Creek ce. Mahaifinsa Lewis yana da jinin Turawa, amma cikin Creek ya tashi. Da yake a al'adarsu ɗa dangin uwarsa yake bi, Posey ya zama ɗan zuri'ar Iska, ɗan garin Tuskegee, kamar mahaifiyarsa. Da harshenta ya buɗe baki, a wurinta kuma ya sha tatsuniyoyi. Da ya tasa sai uban ya tilasta masa yin Turanci. Wannan ne ya sa ya ƙware a harsunan biyu, abin da ya zame masa jari, ya kuma zame masa kaya.

Ya yi karatu a makarantar Bacone da ke kusa da garin Muskogee, inda ya kamu da son littattafai, ya fara buga waƙoƙinsa da laƙabin Chinnubbie Harjo. A 1895, yana ɗan shekara 22, aka zaɓe shi ɗan ƙaramar majalisar Creek, wadda ake kira Majalisar Mayaƙa, aka kuma ba shi shugabancin gidan marayu na ƙabilar a Okmulgee. A 1896 ya auri wata malamar makaranta, Minnie Harris. Son karatunsa har a sunan 'ya'yansa ya fito, domin ya haɗa musu sunan Creek da na marubutan da yake ƙauna, irin su Irving da Kipling. Bayan haka ya riƙe wasu makarantun kwana na ƙabilar.

Duk wannan lokaci hadari yana haɗuwa. Fararen fata baƙi sun cika yankin har sun fi masu ƙasa yawa, suna kuma son a ba su damar mallakar fili. A 1893 majalisar Amurka ta kafa hukuma ƙarƙashin tsohon sanata Henry Dawes, domin ta shawo kan ƙabilun biyar su yarda a yanka ƙasarsu a raba wa ɗaiɗaikun mutane. Da farko sun ƙi. A 1897 Choctaw da Chickasaw suka sa hannu a yarjejeniyar Atoka, a 1898 kuma aka yi dokar Curtis wadda ta rushe kotunan ƙabilun, ta kuma wajabta rabon ko ana so ko ba a so. To, ba a rabon gado sai an san magada. Saboda haka hukumar ta buɗe rajista. Mutum fiye da 250,000 ne suka nemi shiga, aka karɓi kimanin 101,000. Kowane ɗan Creek rabonsa eka 160.

A 1902 Posey ya sayi jaridar Indian Journal ta garin Eufaula. A cikinta ya ƙirƙiro wani mutum mai suna Fus Fixico, wanda yake aiko da wasiƙu yana ba da labarin hirar wasu dattawan Creek a kan al'amuran yau da kullum. Da irin gurguwar Turancin dattawan ƙauye ya rubuta su, cikin barkwanci mai cizo. Ya riƙa murɗe sunayen manyan jami'an hukumar da na 'yan siyasa, har da na shugaban ƙasa Roosevelt, yana mai da su abin dariya. Ya rubuta irin waɗannan wasiƙu 72 tsakanin 1902 da 1908, jaridu na nesa suna kwafa suna bugawa, sunansa ya kai wurare da yawa a Amurka.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a 1904 mutumin nan da ke yi wa hukumar ba'a ya karɓi aiki a cikinta. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. A ganinsa rabon ƙasa ya riga ya zama dole, kuma duk ɗan Creek da aka rufe rajista babu sunansa ya tashi a tutar babu, shi da zuri'arsa. Amma akwai waɗanda suka ƙi wannan ra'ayi, ƙarƙashin wani dattijo mai ƙarfin magana, Chitto Harjo. Su sun tsaya a kan cewa tsohuwar yarjejeniyar 1832 tana nan daram, kuma ƙasa ba kayan rabo ba ce. Sun kafa gwamnatinsu a wani wuri mai suna Hickory Ground, a 1901 aka turo sojoji aka kama su. Posey ya rubuta waƙar jinjina ga Harjo saboda jarumtarsa, alhali a jarida yana sukar tafarkinsa.

Aikin da aka ba Posey shi ne tafinta, kuma jagoran ayarin da ke shiga ƙauyuka neman waɗanda sunansu ke cikin tsofaffin littattafan ƙabila amma ba su zo rajista ba. Ya yi kusan shekara 3 yana wannan yawo a keken doki. Wani ya mutu ba a sanar ba, wani yana da suna biyu, na gida da na Turanci, wani kuwa da ya hango ayarin sai ya shige daji. Inda mutum ya ƙi magana, sai a ɗauki shaidar maƙwabta da dangi, a rubuta shi, a yanka masa fili ko bai nema ba. Duk wanda ya taɓa aikin tantance ma'aikata ya san irin wannan wahala, ya kuma san irin kallon da jama'a ke yi wa mai riƙe da fayil.

A cikin wannan hali, a watan Agusta 1905, shugabannin ƙabilun suka taru a Muskogee domin neman a ba su jiha tasu mai suna Sequoyah. Shugaban Creek, Pleasant Porter, shi ya jagoranci taron, shugaban Choctaw, Green McCurtain, yana cikin mataimakansa, Posey kuma shi ne sakatare. Sun rubuta tsarin mulki, jama'a suka amince da shi a ƙuri'a cikin Nuwamba, amma majalisar Amurka ta yi biris da shi. Aka rufe rajista ranar 4 ga Maris 1907, sannan ranar 16 ga Nuwamba aka haɗe yankin da maƙwabcinsa aka yi jihar Oklahoma. Sunan jihar ma daga harshen Choctaw ya fito, ma'anarsa jajayen mutane.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da bai kamata in ɓoye ba. Da ya bar hukumar a 1907, Posey ya shiga harkar dillancin filaye, yana aiki da kamfanonin da ke sayen rabon Indiyawa. Mutumin da ya san kowane gida da kowane kati, ya kuma san harshen mutanen, yanzu shi ne a gefen mai saye. Wannan ya zubar masa da mutunci a idon wasu 'yan ƙabilarsa, kuma har yau masana suna saɓani a kan hukuncin da ya dace da shi. Abin da babu saɓani a kai shi ne, cikin 'yan shekaru mafi yawan filayen sun fita daga hannun masu su, da yawa ta hanyar zamba, kamar yadda masaniyar tarihi Angie Debo ta fallasa a 1940.

A farkon 1908 ya koma aikin jarida. Ranar 27 ga Mayu na wannan shekara, yana hanyarsa ta zuwa Eufaula, ya tarar kogin North Canadian ya yi ambaliya. Ya shiga ƙaramin kwalekwale domin ya haye, kwalekwalen ya kife, ruwa ya tafi da shi yana da shekara 34. Bayan an sha nema aka ga gawarsa, aka binne shi a Muskogee. A wannan rana da ya rasu ne aka zartar da dokar da ta cire takunkumin sayar da fili daga kan duk wanda aka rubuta jininsa bai kai rabi ba, da 'yantattun bayi, da fararen da suka shiga ƙabila ta aure. Wato ɗan lissafin da wani akawu ya rubuta a kati shi ya zama mai yanke hukuncin ko filin mutum zai tsira ko zai salwanta. Matarsa ta tattara waƙoƙinsa ta buga a 1910. Shi kuwa Chitto Harjo ya rasu a 1911, yana ɓoye a ƙasar Choctaw.

Rajistar da Posey ya yi wa hidima tana aiki har gobe. Mai son zama ɗan ƙabilar Choctaw ta Oklahoma ko ta Muscogee sai ya nuna ya fito daga tsatson wani da ke cikinta. Mai bincike yakan fara da jerin sunaye ya samo lambar kakansa. Lambar ce za ta kai shi ga katin iyali, mai ɗauke da suna da shekaru da gwargwadon jini da sunayen uwa da uba. Daga nan sai fayil ɗin neman shiga, inda akan sami tambayoyin da aka yi wa mutum da amsoshinsa, sannan fayil ɗin fili. Asalin takardun suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Fort Worth a jihar Texas. Bayan haka sai ya haɗa takardun haihuwa da na mutuwa, daga kansa har zuwa kan wancan kaka, ba tare da giɓi ba.

Sai dai rajistar tana da ramuka. Wanda ba ya zaune a yankin lokacin da aka yi ta, ba ya ciki. Choctaw da suka yi zamansu a Misisipi sai da aka nemi su kawo hujja su kuma ƙaura, aka ƙi mafi yawan masu nema. Ba a rubuta mutum a ƙabila biyu, shi ya sa abokiyar karatuna ta sami kakar kakarta a littafin Creek kaɗai, ɓangaren Choctaw kuwa sai a wajen sunan uba ta ga alamarsa. Baƙaƙen fata da ƙabilun suka taɓa bautarwa an ware musu nasu littafi, ba a rubuta musu jini ba ko da suna da shi, sai sunan tsohon ubangida. Yarjejeniyar 1866 ta ba su zama 'yan ƙasar Creek, tsarin mulkin ƙabilar na 1979 ya fitar da jikokinsu, sai a 2025 kotun ƙolin ƙabilar ta yanke hukunci cewa haƙƙinsu yana nan.

Ni dai ban iya yanke wa Posey hukunci ba. Akwai dubban mutane a yau da ke da ƙabila da haƙƙi saboda shi da irinsa sun bi sawun kakanninsu har daji sun rubuta su, kuma wannan rubutun ne ya share hanyar raba su da ƙasarsu. Abin da na sani shi ne, tun da na dawo na daina ganin rajista a matsayin ƙaramin aiki. Na taɓa ganin dattijon da ya yi wata da watanni yana zarya a kan fanshonsa saboda harafi ɗaya da wani ya rubuta ba daidai ba shekaru da yawa da suka wuce. Da yawa daga cikinmu yanzu muna zaune a bayan tebur, muna rubuta sunayen mutanen da ba za mu sake gani ba, kuma takardar za ta daɗe bayanmu. Malamanmu da suka riƙa mayar mana da aiki saboda kuskuren harafi, muna jin haushi, yau ga shi na gane abin da suke nufi.