Eric Liddell: Mai Tseren Da Ya Ƙi Gudu Ran Lahadi

Bari mu dubi rayuwar wani bawan Allah mai suna Eric Liddell. An haife shi a 1902 a birnin Tianjin na ƙasar Sin, inda iyayensa, mutanen Sikotland, suke aikin mishan. Yana ɗalibi a Jami'ar Edinbura ya yi suna wajen gudu, har Birtaniya ta sa rai zai ciyo mata zinariya a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1924 a birnin Faris.

Watanni kafin gasar, sai ya ga zagayen farko na tseren ya faɗo ran Lahadi, ranar da ya keɓe wa Ubangiji. Ya janye, ya sha suka, ya koma shirin tseren mita 400. Ran 11 ga Yuli ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6. Ku lura da kyau: sa'ad da ya yanke shawarar janyewa, bai san zai ci komai ba. Ko da ya zo na ƙarshe, biyayyarsa tana nan da darajarta a gaban Allah.

A 1925 ya bar ɗaukakar, ya koma Sin yana koyarwa da shelar bishara. Da yaƙi ya tsananta, a 1941 ya tura matarsa, tana da juna biyu, tare da 'ya'yansu mata biyu zuwa Kanada. Shi kuwa ya tsaya a bakin aikinsa. Bai sake ganinsu ba, 'yar autarsa ma bai taɓa sa ta a ido ba. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien, inda ya riƙa koyar da yara, yana taimakon tsofaffi, yana shirya wa matasa wasanni.

Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da shaida cewa da farko ya ƙi shirya wasa ran Lahadi. Matasan suka yi wasan su kaɗai, faɗa ya kaure a tsakaninsu. Daga nan sai ga Liddell a fili ran Lahadi yana yi musu alƙalanci.

Shin ya karya ƙa'idarsa ne? A Faris, abin da ya sadaukar tasa ɗaukakar ce. A sansanin kuwa, yaran da aka raba da iyayensu ne suke bukatar wanda zai tsaya musu. Niyyarsa ɗaya ce a duka biyun: ya girmama Allah. Ku karanta Markus 3:1-6, ku ga yadda Ubangijinmu ya warkar da mai shanyayyen hannu a ranar hutu.

Liddell ya rasu a sansanin ran 21 ga Fabrairu 1945 sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43.

'Yan'uwa, idan zaɓi mai wuya ya zo muku a kasuwa, a ofis ko a gida, ku tambayi lamirinku: me Allah ya ɗora mini? Domin wa nake yin wannan? Zan yi shi ko da zai jawo mini hasara?

Addu'a: Ya Uba, ka tsarkake niyyata, Ruhunka Mai Tsarki ya bishe ni in yi abin da yake daidai. Cikin sunan Yesu, amin.