John Philip Sousa

John Philip Sousa (6 ga Nuwamba, 1854 – 6 ga Maris, 1932) mawaƙin Amurka ne kuma shugaban masu badujala, wanda ya shahara da tsara kiɗan fareti. An haife shi a birnin Washington. Yana da shekara 13 mahaifinsa ya sa shi koyon aiki a badujalar rundunar Marine, don hana shi bin 'yan wasa masu yawo gari-gari. Ya shugabanci wannan badujala daga 1880 zuwa 1892, sannan ya kafa tasa ta farar hula, wadda ta zagaya duniya a 1910 da 1911.

A zamaninsa garuruwan Amurka da yawa suna da badujalarsu, ta ma'aikata da 'yan kasuwa masu busa bayan tashi daga aiki, kuma kiɗansa na cikin abin da suka fi busawa. Ya rasu a garin Reading na jihar Pennsylvania, bayan ya jagoranci atisayen badujalar garin mai suna Ringgold. Kiɗan da ya jagoranta na ƙarshe shi ne "The Stars and Stripes Forever", wanda ya zama kiɗan faretin ƙasa a 1987.