Antuwan, Matuƙin Jirgin Sama

An haifi Antuwan Sant-Egzuferi a birnin Liyon, cikin ƙasar Faransa, a shekarar 1900. Bai cika shekara huɗu ba ubansa ya rasu, ya bar shi hannun uwarsa tare da 'yan'uwansa huɗu. A zamanin nan jirgin sama sabon abu ne, in ya gilma sai mutane su fito kallo. Antuwan yana ɗan shekara 12 aka fara ɗaukarsa a jirgi, tun daga ran nan kuwa ba shi da wani buri sai tuƙi.

Da ya shiga soja a 1921 ya koyi tuƙin jirgi. A 1926 ya kama aikin kai wasiƙu daga Faransa zuwa Dakar. Jiragen lokacin nan ba su da ƙwari, sau da yawa sukan lalace a tsakiyar hamada. Saboda haka aka ba shi riƙon wata 'yar tasha a kudancin Maroko, in wani matuƙi ya faɗi, shi ne zai bi sawu ya ceto shi.

A ƙarshen 1935 shi kansa ya faɗi cikin hamadar Libiya, shi da makanikinsa. Suka kwana uku suna yawo cikin rairayi, ƙishirwa ta kusa halaka su. Ran na huɗu Allah ya jefo musu wani Balarabe bisa raƙumi, ya shayar da su. Antuwan bai manta da alherin nan ba, har ya sa labarin cikin littafi, gama shi gwanin rubutu ne.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, ya koma soja. A 1940 Jamusawa suka ci Faransa, shi kuwa ya haye Amurka. Can ne ya rubuta wa yara labarin wani ɗan ƙaramin yarima, littafin da aka juya cikin harsuna ɗaruruwa. Ga suna, ga zaman lafiya, amma hankalinsa bai kwanta ba, don mutanensa suna hannun abokan gaba.

A 1943 ya taso ya zo Aljeriya, ya roƙi a mai da shi bakin daga. Shekarunsa sun wuce na tuƙin jirgin yaƙi, ga kuma tsofaffin karaya a jikinsa, har kayan tuƙi ba ya iya sawa sai an taimake shi. Manyan soja suka so su hana shi, ya yi ta nacewa har suka yarda. Aikinsa shi ne leƙen asiri. Yakan bi ta saman inda abokan gaba suke, ya ɗauko hoto. Jirginsa babu bindiga ko ɗaya, shi kaɗai ne kuma a ciki.

Ran 31 ga Yuli, 1944, da safe, ya tashi daga tsibirin Kosika ya nufi Faransa. Abokansa suka yi ta zuba ido har rana ta faɗi, shiru. Bayan mako biyu sojojin Faransa da na ƙawayenta suka sauka a kudancin ƙasar, kafin watan Agusta ya mutu an ƙwato birnin Faris. Antuwan bai ga ran nan ba.

Aka shekara 54 ba labarinsa. Sai a 1998 wani masunci ya jawo wata munduwar azurfa cikin komarsa, kusa da birnin Marsai, da sunan Antuwan a jikinta. A 2000 aka gano tarkacen jirgi a ƙarƙashin tekun, a 2004 aka tabbatar nasa ne.

To, yara, kun ji mutumin da ya sami wurin hutawa, kuma da ya zauna ba mai zarginsa, amma ya zaɓi ya sha wuya tare da mutanensa. Irin wannan shi ake ce wa mai kishin ƙasa.