Alfred Smith: Gwamnan da Addininsa Ya Zame wa Abokan Hamayya Makami

An haifi Alfred Emanuel Smith ran 30 ga Disamba 1873 a unguwar talakawa ta birnin New York, kusa da inda ake gina gadar Brooklyn a lokacin. Mahaifiyarsa 'yar zuriyar mutanen Ailan ce. Ya yi karatu a makarantar Ikilisiyar St. James, inda kuma yake hidimar bagadi lokacin Misa. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, sai ya bar makaranta domin ya ciyar da gida, ya yi shekaru yana aiki a kasuwar kifi ta Fulton. Bai taɓa shiga jami'a ba.

A 1903 aka zaɓe shi majalisar dokokin jihar New York a ƙarƙashin jam'iyyar Demokrat. Da farko bakinsa a rufe yake, amma ya duƙufa karanta kowane ƙudurin doka har ya fi lauyoyin majalisar sanin kasafin kuɗin jiha. Ran 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, mutum 146 suka halaka, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, domin an kulle wasu ƙofofin fita. Smith ya zama mataimakin shugaban hukumar bincike. Ya shiga masana'antu da ƙafarsa, ya ga yara ƙanana suna aiki, ya ga mata suna kwana a kan injuna. Daga wannan bincike aka samu dokoki masu yawa a kan kariya daga gobara, tsabtar wurin aiki da awoyin aikin mata da yara. A ganina, ko da nan ya tsaya, ya cancanci a tuna da shi.

Sau huɗu aka zaɓe shi gwamna: 1918, 1922, 1924 da 1926. Ya haɗe hukumomin gwamnati fiye da ɗari zuwa ma'aikatu kaɗan, ya ƙara kuɗin makarantu, ya gina asibitoci da wuraren shaƙatawa.

A 1928 ya zama ɗan Katolika na farko da wata babbar jam'iyya ta tsayar takarar shugabancin Amurka. Nan aka ga abin da ke cikin zukatan mutane. Aka baza jita-jita cewa Fafaroma ne zai mulki ƙasar daga Roma. 'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka ƙona gicciye a gefen hanyar jirgin ƙasansa a Oklahoma. Smith bai ɓoye bangaskiyarsa ba, bai kuma nemi gafara dominta ba. Ya bayyana cewa biyayyarsa ga Ikilisiya ba ta ci karo da rantsuwar ofis ba. Gaskiya ne, ba addini kaɗai ya kayar da shi ba: tattalin arziki yana bunƙasa a lokacin, kuma adawarsa da dokar hana barasa ta ɓata masa ƙuri'u. Herbert Hoover ya yi nasara, Smith ya ci jihohi 8 kawai.

Bayan haka ya shugabanci kamfanin da ya gina benen Empire State, wanda aka buɗe a 1931. Ya kuma raba gari da magajinsa Franklin Roosevelt, har ya goyi bayan abokan hamayyarsa a 1936 da 1940, abin da ya ɓata wa tsofaffin magoya bayansa rai ƙwarai.

Matarsa Catherine ta rasu a watan Mayu 1944, shi kuma ya bi ta ran 4 ga Oktoba na shekarar. An yi Misar jana'izarsa a babban cocin St. Patrick. Sai a 1960 ɗan Katolika, John Kennedy, ya ci zaɓen shugaban Amurka.