Luis Alvarez: Dattijon da Ya Tambayi Yumɓu

Mu 'yan aji shida ne muka rubuta wannan, kuma gardama ce ta jawo shi. Ɗaya daga cikinmu ya sayo ɗan dainoso na roba a Kasuwar Malam Atta, ya zo da shi makaranta. Wasu suka ce wai ƙaryar 'yan fim ce. Wasu suka ce an yi su dai, amma wa ya san abin da ya kashe su, tunda ba ɗan Adam a lokacin? Malam bai raba mu ba. Ya ce mu nemo tarihin wani mutum mai suna Luis Alvarez, mu kawo wa jama'a. To, ga abin da muka samo.

An haifi Luis Alvarez ranar 13 ga Yuni, 1911, a birnin San Francisco na Amurka. Babansa likita ne. Ya yi karatun kimiyyar fiziks a Jami'ar Chicago, ya gama digirin dokta a 1936, sannan ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya yi yawancin aikinsa.

Mutum ne mai hannu da yawa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙirƙiro hanyar da ake sauko da jirgin sama da na'urar rada ko da dare ne ko hazo. Amma kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin bam ɗin nukiliya, har yana cikin jirgin da ya bi sawu don auna ƙarfin fashewar a Hiroshima, ranar 6 ga Agusta, 1945. Wannan ya dame mu, ba za mu ɓoye ba. A 1968 aka ba shi kyautar Nobel. Wajen wannan lokacin ne ya je Masar, shi da masanan ƙasar suka kafa na'ura a ƙarƙashin dalar Fir'auna Khafre don su ga ko akwai ɓoyayyen ɗaki. Ba su ga komai ba a ɓangaren da suka bincika, kuma haka suka faɗa wa duniya.

Babban labarin ya zo ne bayan ya tsufa. Ɗansa Walter masanin duwatsu ne, yana aiki kusa da garin Gubbio a Italiya. Can a jikin dutse ya ga wani siririn layin yumɓu, kaurinsa kamar santimita 1, bai wuce faɗin yatsa ba. A ƙasan layin akwai ɓawon ƙananan halittun teku jingim. A samansa kuwa yawancinsu sun ɓace. Kuma layin ya yi daidai da zamanin da dainoso suka ƙare, shekara miliyan 66 da suka wuce. Walter ya kawo wa babansa guntun dutsen. Dattijo mai Nobel bai ce yaro ne ba, ya zauna ya saurara.

Tambayarsu ta farko ƙarama ce: shekara nawa yumɓun ya yi yana taruwa? Luis ya kawo dabara. Akwai wani ƙarfe, iridiyom, da yake da wuyar samu a bayan ƙasa amma yana da yawa a duwatsun da ke yawo a sararin sama. Ƙurarsu tana sauka a hankali kullum, saboda haka idan aka auna shi zai zama kamar agogo. Abokan aikinsu biyu, Frank Asaro da Helen Michel, suka auna. Kai! Sai suka tarar ya ninka yadda aka saba kusan sau 30. Aka gwada yumɓun zamani ɗaya daga Denmak, ya ninka kusan sau 160. Ashe ba agogo suka samu ba, sawun ɓarawo suka taka.

A 1980 su huɗun suka buga sakamakon a mujallar Science. Bayaninsu shi ne wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo wa duniya. Ƙura ta tashi ta rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin ganye suka bi, masu cin nama suka bi su. Kusan kashi 3 cikin 4 na irin halittun duniya suka ƙare.

Masana da yawa ba su yarda ba. Wasu suka ce aman wutar duwatsu ne na yankin Deccan a Indiya, wanda shi ma ya faru a wannan zamanin. Wasu suka ce in da gaske ne, ina ramin? Luis yana da kaifin baki, ya yi wa masu ja da shi maganganu masu zafi, abin da Malam ya ce kada mu koya. Ya rasu ranar 1 ga Satumba, 1988, yana da shekara 77, bai ga ramin ba. Sai a 1991 aka bayyana shi a Chicxulub, a yankin Yucatan na Meziko, binne a ƙarƙashin ƙasa da teku. Faɗinsa kusan kilomita 180, ya fi tafiyar Accra zuwa Cape Coast. Yau yawancin masana sun yarda dutsen ne babban dalili, ko da yake ana ci gaba da auna rawar da aman wutar ya taka.

Kada iyayenmu su ce labarin Turawa ne kawai. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi rami ne da dutsen sama ya haƙa, shekara kusan miliyan 1 da ta wuce. Faɗin ramin wajen kilomita 10 ne. Ku duba fa: dutsen da ya kashe dainoso shi kansa ya kai faɗin ramin nan gaba ɗaya. A Nijar an tono ƙasusuwan dainoso a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere, ana ma nuna wasu a gidan tarihi na Yamai. A ƙasar Sakkwato kuma an samu ƙashin wata dabbar teku mai kama da ƙadangare, wadda ta rayu dab da ƙarshen zamanin, aka sa mata suna daga garin Goronyo.

Gardamarmu ta mutu, amma ba wanda ya ci duka. Masu cewa ƙarya ce sun ga ƙashi. Masu cewa ba za a sani ba sun ga yumɓu. Abu ɗaya ya ba mu dariya: masana sun ce tsuntsaye jikokin dainoso ne da suka tsira. Yanzu duk lokacin da aka aike mu layin masu kaji a Malam Atta, sai mu tsaya mu ƙura wa ƙafar zakara ido, har mai kaji ta tambaye mu ko saye za mu yi.