Barbara McClintock: matar da ta gano ƙwayoyin gado masu tsalle a jikin masara

A shekarar 1983, kwamitin lambar yabo ta Nobel ya karrama wata Ba'amurkiya 'yar shekara 81, Barbara McClintock, saboda wani abu da ta gano a gonar masara fiye da shekaru talatin kafin wannan lokaci.

Ita ce mace ta farko da ta karɓi lambar a fannin kimiyyar jiki da likitanci ita kaɗai, ba tare da an raba mata da kowa ba.

Abin da ta gano shi ne cewa wasu sassa na gadon halitta ba a kafe suke wuri guda ba, suna iya tashi daga inda suke su koma wani gurbi. A yau an tabbatar cewa irin waɗannan sassa su ne kaso mafi yawa a gadon masara da dawa da gero.

Tasowarta

An haife ta ranar 16 ga watan Yunin 1902 a birnin Hartford da ke jihar Connecticut. Mahaifinta likita ne, kuma ta girma ne a unguwar Brooklyn ta birnin New York.

Da ta kammala sakandare a 1919, mahaifiyarta ta ƙi amincewa ta tafi jami'a, saboda fargabar cewa mace mai zurfin karatu ba za ta sami mijin aure ba. Mahaifinta ne ya goya mata baya, ta shiga kwalejin aikin gona ta Jami'ar Cornell a wannan shekara.

Ta sami digirin farko a 1923, sannan digirin digirgir a ilimin tsirrai a 1927.

A Cornell ta faɗa cikin wani rukuni na matasan masu bincike da ke aiki a kan masara ƙarƙashin Farfesa Rollins Emerson. Cikinsu akwai George Beadle, wanda shi ma daga baya ya ci lambar Nobel.

Aiki da madubin likita

A cikin kowane tantanin jikin shuka ko dabba akwai wasu siraran zarurruka da ake kira kuromosom. A jikinsu ne ƙwayoyin gado suke jere, wato bayanan da ke tsara tsawon kara, da launin tsaba, da lokacin nuna.

A ƙarshen shekarun 1920, McClintock ta inganta hanyar rina waɗannan zarurruka, har ta iya bambanta kuromosom goma na masara ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin likita.

A 1931, ita da ɗalibarta Harriet Creighton suka nuna zahiri cewa zarurrukan uwa da na uba suna musayar gutsattsari a lokacin da shuka ke shirin haihuwa. Wannan aiki shi kaɗai ya isa ya kafa sunanta a tarihin kimiyya.

Sai dai suna bai samar mata gurbin aiki na dindindin ba. Ta yi shekaru tana rayuwa da tallafin bincike. Ta je Jamus a 1933, amma ta koma gida da wuri saboda halin da ƙasar ta shiga bayan hawan 'yan Nazi mulki.

Ta koyar a Jami'ar Missouri daga 1936 zuwa 1941, ta bar wurin bayan ta fahimci cewa babu alamar za a ɗaga matsayinta. Daga nan ta koma cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da ke kusa da New York, ƙarƙashin cibiyar Carnegie, inda ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

A 1944 aka zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka, mace ta uku da ta taɓa samun wannan matsayi.

Rodi-rodin tsabar masara

Manomi ya san goyon masara mai tsaba launi-launi, wata fara, wata rawaya, wata ja. Wannan yakan faru ne idan garin fure daga gonaki daban-daban ya sauka a kan gemun masara ɗaya.

Abin da ya ɗauki hankalin McClintock daga 1944 daban ne: tsaba guda ɗaya mai rodi-rodi, farin jiki da ɗigo-ɗigon launi a kai. Tunda duk tantanin da ke cikin tsabar gado ɗaya suka ɗauka, me ya sa wasu suka yi launi wasu ba su yi ba?

Ta yi shekaru tana shuka, tana barbarar masarar da hannunta, tana ƙirga ɗigon da ke kan tsaba, tana kuma duba kuromosom na tara.

Zuwa 1948 ta gano wasu sassa biyu da ta yi wa laƙabi da Ac da Ds. Idan Ds ya faɗa tsakiyar ƙwayar gadon da ke samar da launi, sai ya toshe ta, tsabar ta fito fara. Idan kuma akwai Ac a kusa ko a nesa, yana iya sa Ds ya fice, launin ya dawo a wannan tantani da duk waɗanda suka tsiro daga gare shi.

Girman ɗigon yana nuna lokacin da ficewar ta auku. Idan da wuri ne ɗigon ya yi faɗi, idan a makare ne ya zama ƙarami.

Shekarun shiru

Ta wallafa sakamakon a 1950, ta kuma gabatar da shi a babban taron masana na Cold Spring Harbor a 1951. Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba.

A lokacin, akasarin masana na kallon ƙwayoyin gado tamkar duwatsun wuya da aka jera a zare, kowanne da gurbinsa. Ba a ma gano siffar DNA ba sai a 1953, shekarar da ta daina aika cikakkun rahotanninta kan batun ga mujallun kimiyya.

An daɗe ana cewa an yi watsi da ita ne gaba ɗaya. Amma masanin tarihi Nathaniel Comfort, wanda ya bi diddigin takardunta, ya nuna cewa masana masara sun yarda da batun tsallen tun da wuri. Abin da suka ƙi amincewa da shi shi ne ra'ayinta cewa waɗannan sassa su ne ke jagorantar girman shuka daga tsaba zuwa nuna, kuma bincike bai tabbatar da hakan yadda ta zata ba.

Daga 1957 ta ba da lokaci mai yawa wajen nazarin nau'o'in masarar gargajiya a yankin tsakiya da kudancin Amurka.

Lamarin ya sauya ne daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka gano irin waɗannan sassa masu tsalle a jikin ƙwayoyin bakteriya, ciki har da masu ɗauke da ƙarfin bijire wa magani. Daga nan aka gan su a jikin ƙudaje da sauran halittu. Lambobin yabo suka biyo baya, har zuwa ta Nobel.

Ta rasu ranar 2 ga watan Satumban 1992 tana da shekara 90. Ba ta taɓa yin aure ba, ba ta kuma bar 'ya'ya ba.

Abin da aka gano bayan rasuwarta

Girman abin da ta buɗe bai bayyana ba sai da aka fara karanta gadon tsirrai harafi bayan harafi.

An gano cewa sassan iri biyu ne. Na McClintock suna tashi ne su koma wani wuri. Na biyun kuwa kwafin kansu suke yi, su dasa kwafin a sabon gurbi alhali na asali na nan. Da haka jeri ɗaya yake maimaituwa sau dubbai.

Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa irin wannan kwafi ya ninka girman gadon masara cikin 'yan miliyoyin shekarun da suka wuce. Da aka kammala karanta shi a 2009, sai aka ga kusan kashi 85 cikin ɗari nasa waɗannan sassa ne. A dawa sun kai wajen kashi 60 cikin ɗari.

Wannan ne babban dalilin da ya sa gadon masara ya ninka na shinkafa fiye da sau biyar, duk da cewa yawan ƙwayoyin gadonsu masu aiki bai bambanta sosai ba.

Shuka ba ta zura musu ido ba. Tana rufe bakin mafi yawansu da wasu alamomi na sinadari, tana kuma datse wasu ta zubar sannu a hankali. Girman gadon kowace shuka sakamako ne na wannan ja-in-ja tsakanin ƙari da ragi.

Wani lokaci tsallen yakan zama alheri. A 2011 aka nuna cewa ɗaya daga cikin sassan, wanda ya sauka kusa da ƙwayar gadon da ke tsara rassa, ya taimaka wajen mayar da ciyawar dajin Meziko mai rassa da yawa zuwa masara mai kara ɗaya, wadda mutane suka fara nomawa kimanin shekaru 9,000 da suka shige.

Batun ya shafi manoman arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Waken da aka yi amfani da shi wajen karanta gadon wake a 2019, mai lamba IT97K-499-35, iri ne na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA, wadda ke da reshe a Kano mai aiki a kan wake. Kusan rabin gadon nasa maimaici ne.

Masu samar da sabbin iri a irin waɗannan cibiyoyi, da kuma Cibiyar IAR da ke Samaru a Zariya, suna neman ƙwayoyin gadon jure fari da ƙuduji ne a cikin gadon da babban kaso nasa irin sassan da McClintock ta fara gani ne a jikin tsabar masara.